A Haɗa Min Na Ɗari Biyar

Akwai tambayar da ma'aikatan ɗakin taimakon gaggawa a manyan asibitocinmu suka gaji da yi wa dangin majinyaci: "Me ya sa sai yanzu kuka kawo shi?" Amsar kusan ɗaya ce kullum. Ba zama aka yi aka zuba masa ido ba. An yi ta ɗawainiya, an kashe kuɗi, an hana ido barci. Kwana uku ana karɓo magani a kemis ɗin bakin layi, kwana biyu wani ma'aikacin jinya na unguwa yana zuwa gida yana ƙara ruwa, an jiƙa saiwa, an yi hayaƙi, sai da numfashi ya fara sarƙewa sannan aka fita neman a-daidaita-sahu. Mutanenmu ba su da ƙyuyar neman magani. Abin da yake cin rayukansu shi ne ƙofar da suka fara bugawa, da kwanakin da suka ɓata a bakinta.

Ɗabi'ar ba yau ta fara ba, amma a 'yan shekarun nan ta yi ƙamari, kuma kullum gaba take yi. Da wuya ka ratsa layi guda a Kano ko Zariya ko Gusau ba ka ƙirga kemis biyu ko uku ba. A kasuwannin Maraɗi da Damagaram kuma ga masu baza ƙwayoyi a faranti, rana na dukan su tun hantsi har la'asar. Yaron da ya yi shekara biyu yana miƙo wa ubangidansa kwali daga kanta, ran da aka yaye shi ya kama shago, washegari unguwa ta raɗa masa suna Dokta. Tun yana jin nauyin sunan har ya saba. Kafin a ankara ya sayi farar riga da abin awon jini, ya rataya labule a ƙuryar shago, ya ajiye benci a bayansa.

Ya kamata kowa ya san iyakar wannan shago. Lasisin da hukumar kula da sana'ar harhaɗa magunguna ta Najeriya, wato PCN, take ba mai kemis, na sayar da ƙananan magunguna ne waɗanda ba sa buƙatar takardar likita, kuma a cikin kwalinsu yadda kamfani ya rufe. Ba a ba shi izinin yin allura ba, balle ƙarin ruwa, balle kwantar da mara lafiya a bayan labule. Shi ba likita ba ne, ba kuma shi ne masanin magungunan nan da ya yi shekara biyar ko shida a jami'a ba, wanda ake samu a famasi. Ban ce a rufe masa shago ba. In ya tsaya a iyakarsa yana da amfani ƙwarai: farasitamol don ciwon kai na gajiya, maganin tsutsar ciki, auduga da filasta, da garin gishiri da sukari na ORS wanda ya ceci yaran da ba a san adadinsu ba daga gudawa. Uwa ma tana iya haɗa shi a ɗakinta da tafasasshen ruwa lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. Wannan aikin gida ne da na kemis, babu mai ja.

To amma je ka tsaya a bakin shagon bayan sallar isha'i. Ga magidanci ya taso daga wurin aiki, ƙurar siminti har gira.

"Dokta, jikin nan duk ciwo yake, ga zazzaɓi-zazzaɓi. A haɗa min na ɗari biyar."

"An gama, Yallaɓai."

Ba tambayar tun yaushe, ba tambayar ko yana da olsa ko hawan jini. Almakashi kawai za a ɗauko. A yanko farasitamol biyu, a yanko diklofenak, a ƙara ibuprofen, a jefa kafso guda ja da rawaya, sai wata 'yar mitsitsiyar farar ƙwaya da ba wanda ya taɓa tambayar sunanta. A ƙulle a leda. "Ka sha rabi yanzu, rabi da asuba." Da safe mutumin zai tashi garau, ya koma bakin aiki yana sa wa Dokta albarka, kuma nan tarkon yake.

Diklofenak da ibuprofen 'yan gida ɗaya ne. Haɗa su, musamman a cikin da ba abinci, yana cinye bangon tumbi har ya yi gyambo ko ya zubar da jini, in kuma aka mai da su abin sha kullum sai su taɓa ƙoda. Mutum yana iya rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa bai ji komai ba, sai ran da ƙafa ta kumbura aka fara zancen wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako, a kuɗin da ke sa a sayar da gona. 'Yar farar ƙwayar nan sau da yawa deksametason ce ko 'yar'uwarta firednisolon. Tana danne zafi da kumburi, tana sa mutum ya ji ƙarfi ya ci abinci, amma tana tayar da siga da hawan jini, tana kuma karya garkuwar jiki. Cutar tana nan a ƙasa tana cin gaba, kamar tsagar gini da aka shafe da farar ƙasa ga damina tafe. Kafso guda kuwa bai isa ya kashe ƙwayar cuta ba, iyakarsa ya koya mata yadda za ta jure maganin. Shi ya sa likitoci ke kuka yau cewa magungunan da a da suke aiki a kwana biyar yanzu ana ba da su kamar ba a ba da ba.

Sai kuma son allura da ƙarin ruwa, wanda ya zama mana kamar ado. Mutum bai yarda an yi masa magani ba sai an huda shi. Allurar ɗuwawu in ta kauce wurinta tana samun babbar jijiyar da ta sauka ƙafa, yaro ya tashi yana jan ƙafa har girmansa, a ce shan inna ce. Ruwan leda kuma ba abinci ba ne, ba ya ƙara jini. Wanda zuciyarsa ko ƙodarsa ta yi rauni, in aka ɗura masa leda uku a ɗaki ba mai auna shi, ruwan a huhu zai taru, ya shaƙe shi yana kwance a kan gadonsa.

Babbar ƙofar da ake shiga wannan ɓata ita ce zazzaɓi. Gaskiya ne maleriya ta yi mana katutu, domin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da ita a duniya a Najeriya suke. Wannan ne ya sa duk jikin da ya yi zafi sai a yanke masa hukunci ba shari'a: maleriya da taifod. Alhali gwajin maleriya ɗigon jini ne daga ɗan yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 an ga sakamako, kuma ana yin sa a asibitin sha-ka-tafi na unguwa. In ita ce, maganinta na kwana 3 ne, a shanye shi duka ko da an ji sauƙi. In ba ita ba ce, to a nan ne ya kamata hankali ya tashi, saboda sanƙarau da zazzaɓi yake sallama, haka limoniya, haka zazzaɓin Lassa, haka mashaƙo. Shi kuwa gwajin Widal da ake dogara da shi a ce wa kowa yana da taifod, likitoci sun daɗe suna faɗa cewa yana yawan nuna cuta a jikin da ba ta. Ana ta sha wa taifod ɗin da babu magani, ainihin ciwon yana samun kwanaki.

Mashaƙon da ya ɓarke a Kano daga ƙarshen 2022 ya isa darasi. Yaro zai fara da ciwon maƙogwaro da ɗan zazzaɓi, wuya ya kumbura. A kai shi kemis a karɓo sirof. Bai yi ba, sai wata tsohuwa a gidan ta ce belu ne ya sauko, a kira wanzami. Alhali wata farar fata ce cutar take shimfiɗawa a maƙogwaro tana toshe hanyar iska, taɓa ta da ƙarfe jini ne kawai zai ɓalle, dafin cutar kuma yana tafiya zuciya. Maganin karya wannan dafi sai a asibiti, kuma amfaninsa a kwanakin farko yake. Yaran da aka kai da wuri da yawa sun tashi. Da yawa daga waɗanda aka yi ta zagaye da su ba su kai labari ba.

Tsarin asibitocinmu hawa uku ne, kuma da dalili aka yi shi haka. Na unguwa shi ne na awon ciki, rigakafin yara, gwajin maleriya, auna hawan jini, tazarar haihuwa da ƙananan raunuka. Tarin da ya wuce mako 2 ma ba na sirof ba ne, gwajin tarin fuka da maganinsa na wata 6 kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Babban asibitin gari, irin su Murtala a Kano, shi ne mai gadon kwanciya da tiyata da ƙarin jini da ɗaukar hoto. Asibitin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, na abin da ya gagari na ƙasa ne, da takardar turawa ake zuwa. Akwai masu kuskure ta ɗaya gefen, waɗanda mura ce za ta kai su asibitin koyarwa tun asuba su tare layi, mai ciwon ƙoda da ya taso daga Haɗeja yana bayansu a tsaye. Wannan ɓata lokaci ne da takura wa bayin Allah. Amma kuskuren da ke kai mutum kushewa shi ne na tsayawa a ƙasa da abin da ya kamata a ruga sama da shi.

A nan babu abin da ya kai haihuwa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke rasuwa a duniya wajen ciki da haihuwa 'yan Najeriya ne, kuma arewa ce ta fi ɗaukar nauyin. Jinin da ya ɓalle bayan haihuwa yana iya gamawa da mace mai cikakkiyar lafiya cikin sa'a 2. Sa'a biyu, ba kwana biyu ba. A wannan lokacin ba a buƙatar mai tofi a ruwa kaɗai, ana buƙatar wurin da ke da allurar tsuke mahaifa da jini a firiji da wanda ya iya tiyata. Mai ciki da ke kukan ciwon kai mai tsanani, idonta na ganin dishi-dishi, fuska da hannu sun kumbura, jijjiga ce ke tafe, kuma maganinta sananne ne, yana nan a asibiti. Naƙudar da ta wuce sa'a 12, rana ta fito ta faɗi a kanta, ta fi ƙarfin ungozoma komai ƙwarewarta. Kan jariri ne ya tokare ƙashi yana matse mafitsara har naman wurin ya mutu. Wanda yake son ganin ƙarshen "a ƙara haƙuri, yanzu za ta sauka" ya je Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru yana ɗinke dubban mata masu yoyon fitsari, akasarinsu 'yan mata ne a haihuwar fari, jaririn ya tafi, mijin ma sau da yawa ya tafi. Yankan gishiri da ake yi wai don a buɗe hanya yana cikin abin da ke kai su can.

Jaririn ma haka. Ɗan kwanaki da ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi, ko idonsa ya yi rawaya, ba na ɗigon ampikulos da ruwan gulukos ba ne. Shawarar jarirai in ta hau tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro kurma ko ba ya iya zama har abada, alhali fitila ce ta musamman ake sa shi a ƙarƙashinta a asibiti.

Zancen ɗori yana da wuyar faɗa, domin masu ɗori mutane ne masu mutunci a garuruwanmu, sana'ar gado ce, kuma kowa yana da labarin wanda aka ɗora ya warke. Amma ƙashi, in karayar mai sauƙi ce, da kansa yake haɗewa, ko an tofa ko ba a tofa ba. Matsalar tana wurin da ido ba ya gani. Mai ɗori ba shi da hoto, bai san ko karayar ta shiga gaɓa ba, bai san ko tsinin ƙashi ya huda jijiyar jini ba. Yaro ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye a gwiwar hannu, a jera karare a ɗaure tam. Hannu ya kumbura a cikin ɗauri, jini ya daina wucewa. Yaron yana ihu cikin dare, a ce masa ya yi jarumta, ɗori ne ke kamawa. Kwana uku yatsu sun yi sanyi sun yi baƙi, ihun ma ya daina saboda naman ya mutu. Sai a lokacin za a nufi asibitin ƙashi na Dala, inda abin da ya rage wa likita shi ne ya yanke hannun don ya ceci ran. Daga nan labari ya bazu a ƙauye cewa asibiti yanke hannu suke yi, na gaba da ya karye a ƙi kai shi. Duk karayar da ƙashi ya fasa fata, ko ta kusa da gaɓa, ko ta ƙugu da baya da wuya, ba ta ɗori ba ce. Wanda kuma aka riga aka ɗaure, yatsunsa suka yi sanyi ko suka daina ji, a kwance ɗaurin nan take a nufi asibiti.

Dattijon da bakinsa ya karkace farat ɗaya, hannu ya saki, magana ta harɗe, kada a ce iska ce ta buge shi a rufe ɗaki ana hayaƙi. Jijiya ce ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, hoton kai ne kawai ke bambance su, maganin ɗaya kuma guba ne ga ɗayan. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu, yana iya shaƙewa. Saran kububuwa yana hana jini daskarewa, mutum yana zaune yana hira dasashinsa ya fara zubar da jini. Tsaga wurin da ɗaure ƙafa da igiya ba sa fitar da dafi, allurar karya dafi ake nema, irin wadda asibitin Kaltungo a Gombe ya yi suna a kanta. Cizon kare, a wanke da sabulu da ruwa mai yawa na minti 15, a tafi neman rigakafi a ranar, domin haukan kare in ya bayyana ba ya da magani. Ciwon ƙirji mai danna mutum da gumi, yaro mai jijjiga ko wanda wuyansa ya sanƙare, aman jini, duk ba sa jiran gari ya waye. Ita addu'a ba a taɓa hana ta a bakin gadon asibiti ba. A yi tofi a cikin mota ana tafiya.

Wani sabon bala'in ya fi kemis baki, wato masu tallar maganin gargajiya. Da mota ce mai lasifika a bakin kasuwa ran Juma'a, tana zuba batsa da sunan tallar magani. Yanzu sun sayi fili a rediyo, sun cika Facebook da TikTok, suna aikawa da jarka har gida. Gora ɗaya ta warkar da basir, sanyi, siga, hawan jini, ciwon hanta da raunin mazakuta. Za su ɗaga kwalba su nuna lambar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wato NAFDAC. Lambar da hukumar ke ba maganin gargajiya ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka lissafa, shi ya sa ake wajabta rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Wa ke karantawa? Mafi muninsu shi ne mai ce wa mai siga ko hawan jini ya ajiye ƙwayoyin asibiti, wai an gano maganin da ke tumɓuke cutar daga tushe. Waɗannan cututtuka lallaɓa su ake yi har ƙarshen rai. Wanda ya ajiye maganinsa wata uku, sai dai a ji ya faɗi a banɗaki, ko ɗan ƙurji a yatsan ƙafa ya zama sanadin yanke ta.

Kuma kusan komai a wurinsu basir ne. Mutum ya haura shekara 40, yana ganin jini a bayan gida, yana ramewa, cikinsa ya canza, a yi shekara ana ba shi jiƙo. Wani lokaci basir ɗin ne da gaske. Wani lokaci dajin hanji ne, wanda in an kama shi da wuri ana yanke shi mutum ya rayu. Mace ta ji ƙullutu a nono, a ce mata daji ba ya son ƙarfe, kada ta yarda a taɓa ta da allura. Sai a yi ta shafe-shafe har ya fashe ya fara wari, sannan a kai ta inda da an je wata takwas baya da an yi mata aiki.

Ba zan ɗora wa talaka laifin duka ba. Ya san abin da ya kore shi. Mai kemis yana kusa, yana buɗe har sha biyun dare, yana ba da bashi, yana kiran mutum da sunansa. A asibiti kuwa sai ka yanki kati, ka bi layi tun asuba, wata ma'aikaciya ta daka maka tsawa a gaban matarka, a rubuta maka gwaji uku, a ce babu gado, ko ka tarar ana yajin aiki. Asibitin unguwa da yawa gini ne kawai, ƙarfe biyu na rana an sa kwaɗo. Likitocin da aka horar da kuɗin jama'a suna ta tafiya Saudiyya da Ingila. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun majinyaci yake fita. A Abuja aka taru a 2001 aka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, gwamnatin tarayya kuwa ba ta taɓa kusantar wannan adadi ba. Wannan duk gaskiya ne, kuma abin a tuhumi masu mulki ne a kansa. Sai dai cuta ba ta jiran a gyara ƙasa, kuma araha ba ta ado: naira 500 ta yau ita ce ke zama kuɗin wankin ƙoda na baɗi. Ya kamata kuma mutane su san haƙƙinsu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya ƙi karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, dokar 2017 kuma ta wajabta duba wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Ana karya su, amma wanda ya san da su ya fi iya tsayawa a bakin ƙofa ya yi magana.

Masu kemis na kirki suna nan, kuma alamarsu ɗaya ce: sukan dubi yaro su ce, "Hajiya, wannan ya fi ƙarfina, ku wuce asibiti yanzu." Wanda bai taɓa faɗin haka ba tun da ya buɗe shago, ku guje shi.

Sauran magana tana wurin magidanta, domin sa'o'in da suka fi tsada a cikin gida ake ɓatar da su, ana jiran izini. Maigida yana kasuwar ƙauye ko yana Legas, wayarsa a kashe, mace na zubar da jini, kowa yana tsoron a ce shi ya fitar da ita. Tun cikin matarka yana wata shida ka san wane asibiti ne kusa da ku yake da jini da tiyata da dare, domin ba kowane mai allo a bakin titi ke da su ba. Ka karɓi lambar mai mota a unguwa, ka ajiye wani abu a hannunta ko na mahaifiyarka wanda ba na cefane ba, ka san wa zai ba da jini a cikin 'yan'uwa in an nema. Sannan ka faɗa mata a gaban Inna da duk wanda ke gidan, da bakinka, cewa in jini ya ɓalle ko yaro ya fara jijjiga ta ɗauki mayafinta ta fita, a kira ka daga hanya.